TANTANIN ƘWAYAR HALITTA DA ASIRIN RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Gabatarwa

Garin Lau yana bakin Kogin Binuwai, arewa da Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Tun zamanin Turawa an san shi da zama tashar jiragen ruwa tsakanin Ibi da Numan, kuma har yanzu mutanensa da na ƙauyukan kewaye sun dogara ne ga kogin, wajen su, da noman fadama, da fito zuwa ƙetare. Amma kogin da yake ciyar da su shi ne kuma yake jarraba su. Idan damina ta yi nisa ruwa yakan cika ya yi ambaliya, musamman in an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kamar yadda ya auku a 2012 da 2022. A irin wannan lokaci ruwa yakan shiga masai da rijiya baki ɗaya, ya gauraya ƙazanta da ruwan sha. Abin da yakan biyo baya shi ne gudawa, wani zubin ma har da kwalara, watau amai da gudawa.

Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna jan hankalin jama'a cewa da zarar gudawa ta kama mutum a ba shi ruwan gishiri da sukari. Mutane da yawa sun ji, amma ba su san dalili ba. Shi ya sa wani yakan raina maganin saboda arharsa, ya ce sai an yi allura. Wata uwa takan ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, wata kuma takan hana yaron ruwa sam, wai kada gudawar ta ƙaru. Dukan waɗannan kurakurai ne masu jawo asarar rai. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a yadda maganin yake aiki a cikin jiki, domin wanda ya san dalilin abu ya fi kiyaye ƙa'idarsa. Dalilin kuwa yana ɓoye ne a cikin wani abu siriri ƙwarai wanda ido ba ya gani, watau tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam.

Mece ce Ƙwayar Halitta?

Kamar yadda ake gina gida da tubali, haka aka gina jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, da wasu 'yan ƙananan ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta. Wani masani na ƙasar Ingila mai suna Robert Hooke ne ya fara ba da labarinsu a 1665, bayan ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma. A 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duka da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. An ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da fiye da tiriliyan 30 daga cikinsu. Ƙanƙantarsu kuwa ta kai sai an jera jajayen ƙwayoyin jini kimanin 130 kafin su cika tsawon milimita ɗaya.

Kowace ƙwaya cike take da ruwa mai ɗauke da gishiri iri iri, da sukari, da furotin. A waje kuma ruwa ne ya kewaye ta, watau ruwan jini da wanda yake kwance tsakanin ƙwayoyi. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, na jariri kuwa ya kai kusan kashi 75. Kashi biyu bisa uku na wannan ruwa yana cikin ƙwayoyin ne. Ruwan ciki da na waje ba iri ɗaya ba ne, kuma da za su gauraya da ƙwayar ta mutu. Abin da ya raba tsakaninsu shi ne tantani. An ari sunan ne daga irin tantanin da ake gani a cikin ɓawon ƙwai, amma na ƙwayar halitta ya fi wannan siranta nesa ba kusa ba. Sai an ɗora kimanin 10,000 bisa juna kafin su kai kaurin takarda guda ta wannan ɗan littafi.

Yadda Aka Gina Tantanin

Kowa ya san man gyaɗa ba ya gauraya da ruwa. A kan wannan ɗabi'a aka gina tantanin. An yi shi ne da wasu ƙananan ɓurɓushin maiƙo, kowane ɗaya yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Idan suka sami kansu a cikin ruwa sai su jeru sahu biyu da kansu: kawunan sahu ɗaya suna fuskantar ruwan waje, na ɗayan suna fuskantar ruwan ciki, wutsiyoyin kuwa sun haɗu a tsakiya inda ruwa ba ya kai gare su. Sabulu ma irin wannan ƙira gare shi, shi ya sa yake wanke maiƙo daga kwano, kuma yake iya wargaza tantanin wasu ƙwayoyin cuta idan an wanke hannu da shi.

Wasu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su ne suka gano wannan a 1925. Sun tace maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, sai suka ga faɗin da ya rufe ya ninka faɗin fatar ƙwayoyin sau biyu. Daga nan suka fahimci cewa sahu biyu ne. A 1972 kuma Singer da Nicolson na Amurka suka cika bayanin. Suka nuna cewa tantanin ba sandararre ba ne, yana malala kamar mai, kuma akwai manyan dunƙulen furotin da suke yawo a cikinsa kamar kwale-kwale a kan kogi, wasu sun huda shi daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai kuma wani kitse mai suna kwalastarol da yake cusa kansa tsakanin wutsiyoyin don kada tantanin ya cika tauri ko ya cika sakewa. A fuskar waje akwai 'yan sarƙoƙin sukari da suke zaman alama, kamar tsagar gado da ake gane asalin mutum da ita. Bambancin irin waɗannan alamomi a jikin jajayen ƙwayoyi shi ne ya raba jinin mutane zuwa rukunin A, da B, da AB, da O.

Abin lura a nan shi ne, tsakiyar tantanin maiƙo ce zalla. Saboda haka duk abin da yake narkewa a ruwa, kamar gishiri da sukari, ba ya iya ratsa ta. A gare su tantanin ganuwa ce, irin ta birnin Kano a zamanin dā, furotin ɗin nan kuwa su ne ƙofofi, kowace da irin wanda take bari ya wuce.

Hanyoyin Ƙetare Tantani

Hanya ta farko ita ce bazuwa. Idan aka kunna turare a lungun ɗaki, ba da jimawa ba ƙanshinsa zai cika ɗakin ba tare da an yi fifita ba. Haka kowane abu yake, yana barin inda ya yi yawa ya bazu zuwa inda yake kaɗan. Abubuwa ƙanana masu iya narkewa a maiƙo suna ratsa tantani kai tsaye ta wannan hanya, ba ruwansu da ƙofa. Ta haka iskar oksijin take barin huhu ta shiga jini, ta bar jini ta shiga ƙwayoyi, gurɓatacciyar iskar kabon kuma ta biyo hanyar ta fita.

Hanya ta biyu ta ruwa ce, kuma lalle ne mai karatu ya riƙe ta da kyau, domin kusan dukan bayanin da zai biyo baya a kanta ya rataya. Idan tantani ya raba ruwa biyu, ɗaya mai gishiri ko sukari da yawa, ɗaya mai kaɗan, to ruwa zai riƙa ƙetarewa zuwa gefen da ya fi kauri. A taƙaice, ruwa yana bin gishiri. Masana suna kiran wannan osmosis, amma jama'a sun daɗe suna ganinsa. Idan mace ta yayyanka albasa ta barbaɗa mata gishiri, sai ta ga ruwa ya tsatso. Idan aka zuba wa matsattsaku gishiri sai ta ƙanƙance. Masu sana'ar fatu suna shafa wa ɗanyar fata gishiri don ya zuƙe ruwanta da na ƙwayoyin da suke ruɓar da ita. Manomin da ya tara takin zamani a gindin masara yakan ga ta ƙone, domin takin ya janye ruwa daga saiwarta. Alayyafon da ya yi yaushi kuwa, in aka tsoma shi a ruwa sai ya miƙe.

Haka abin yake a cikin jini. Jar ƙwayar jini in ta faɗa ruwa zalla sai ta kumbura ta fashe, in ta faɗa ruwa mai gishiri da yawa sai ta yamutse. Wannan ne ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya a asibiti yake da awo tsayayye, giram 9 na gishiri a kowace lita, daidai da kaurin ruwan jini. A 1992 wani likitan Amurka mai suna Peter Agre ya nuna cewa ruwa ma yana da ƙofofinsa na musamman a jikin tantani, masu yawa a ƙoda da jajayen ƙwayoyin jini. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 2003.

Hanya ta uku ta ƙofofi ce da 'yan fito. Gishirin miya in ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu, sodiyam da kulorayid. Akwai kuma wani ɗan'uwansu mai suna fotasiyam, wanda ake samu a ayaba, da lemo, da wake, da ganyaye. Kowane ɗayansu yana da ƙofarsa, wadda take buɗewa ta rufe gwargwadon bukata, kuma ba ta yarda wani ya bi ta cikinta. Abubuwa masu ɗan girma kamar gulukos, watau sukarin da yake yawo a jini, ba sa bin ƙofa. Wani furotin ne yake kama su a wannan gaɓa, ya juya, ya sauke su a wancan gaɓa, kamar yadda mai jirgin fito yake ɗaukar mutane a bakin ruwan Lau ya kai su ƙetare. Sinadarin insulin shi ne yake umartar ƙwayoyin tsoka su fito da ƙarin irin waɗannan 'yan fito bayan an ci abinci. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko ƙwayoyi suka daina jin umarninsa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari.

Waɗannan hanyoyi uku duk gangara ce, kamar kwale-kwalen da ya tashi daga Lau ya nufi Ibi, ruwa ne yake tafiya da shi. Amma mai son haurawa Numan tilas ya yi tuƙi ko ya ƙona mai. Hanya ta huɗu ke nan, watau tura abu daga inda yake kaɗan zuwa inda ya riga ya yi yawa. Wannan aikin famfo ne, kuma sai da ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Mafi shahara shi ne famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, aka ba shi Nobel a 1997. A kowane juyi famfon yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana, kamar mai kwarfe ruwa daga jirgi mai yoyo. Saboda aikinsa sodiyam na waje ya ninka na cikin ƙwaya kimanin sau goma, fotasiyam na ciki kuwa ya ninka na waje kimanin sau talatin. Wannan bambanci ƙarfi ne da aka tara, kamar ruwan da madatsa ta tare. Da shi jijiyoyi suke aika saƙo, da shi zuciya take bugawa, kuma da shi hanji yake tsotse abinci, kamar yadda za a gani nan gaba.

Hanya ta biyar ita ce haɗiya. Idan abu ya fi ƙarfin ƙofa da ɗan fito, sai tantanin ya loɓa ya lulluɓe shi ya shigar da shi a cikin 'yar jaka. Haka fararen ƙwayoyin jini suke cinye ƙwayoyin cuta. Ta irin wannan jaka kuma ƙwaya take fitar da abin da ta sarrafa, kamar insulin da furotin na nonon uwa.

Aikin Hanji

Bangon ƙaramin hanji shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta sahu guda, fuska ɗaya tana duban abinci, ɗaya tana duban jini. A kowace rana ruwa lita 8 zuwa 9 yake bi ta cikin hanjin baligi. Kimanin lita 2 ne kawai ya shiga ta baki, sauran kuwa jiki ne ya zubo shi, kamar yawu, da ruwan ciki, da na matsarmama. Kusan duk wannan ruwa hanji yake mayarwa cikin jini, abin da yake fita tare da bayan gida bai cika kofi ɗaya ba. Amma hanji ba shi da famfon ruwa. Dabararsa ita ce ya ja gishiri zuwa gefen jini, ruwa kuwa ya bi gishirin. Muddin gishiri yana shiga, ruwa yana shiga. Ranar da gishiri ya juya baya, ruwa ma zai juya.

Ɓarnar Kwalara

Ƙwayar cutar kwalara tana shiga ne ta ruwa ko abincin da bayan gidan mai cutar ya gurɓata. Ba ta shiga jini, takan zauna ne a cikin ƙaramin hanji tana fitar da dafi. Wani likita na birnin Kalkata a ƙasar Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da samuwar wannan dafi a 1959. Dafin yana manne wa ɗaya daga cikin alamomin nan na fuskar tantani, ƙwayar hanji ta haɗiye shi da kanta. Da ya shiga sai ya sa ƙofar kulorayid ta buɗe ta ƙi rufuwa, ya kuma toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da sodiyam yake shiga. Kulorayid ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su duka biyu.

Wannan ne asalin gudawar nan fara mai kama da ruwan da aka wanke shinkafa. In ta yi tsanani baligi yana iya zubar da kusan lita ɗaya a awa ɗaya. Jini ya yi kauri, ya shiga janye ruwa daga sauran ƙwayoyin jiki. Sai a ga idanu sun faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, tsoka tana murɗawa. In an tsunkuli fatar ciki ba ta komawa da sauri, jariri kuwa maɗigarsa takan loɓa. Rashin ruwan nan da gishiri shi ne yake kisa, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda cutar ta tsananta musu suna iya rasuwa. Idan an yi magani da wuri, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1971 ta kama mutum kusan 23,000, ta kashe kusan 3,000. A 1991 ta kama fiye da 59,000, ta kashe fiye da 7,600. A 2021 an ba da rahoton fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa. Har ila yau, gudawar yau da kullum ta yara, wadda ba ta tayar da hankalin gari, ta fi kwalara yawan kisa, kuma ita ma ta hanyar zubar da ruwa da gishiri take yin ɓarnarta.

Ɗan Fiton da Dafi Bai Taɓa Ba

A 1960, a wani taro a birnin Prague, wani masanin Amurka mai suna Robert Crane ya bayyana cewa a tantanin hanji akwai wani ɗan fito mai sharaɗi: ba ya ɗaukar gulukos sai tare da sodiyam, ba ya ɗaukar sodiyam sai tare da gulukos. Daga baya aka gano cewa lodinsa sodiyam biyu ne da gulukos ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a bakin mashigi ya san direban jirgin da ba ya tashi sai fasinja sun cika. Da lodin ya cika sai ya ƙetare, sodiyam da yake gangarawa cikin ƙwaya shi yake jan gulukos. A ɗaya fuskar kuma famfon nan na Skou ya tura sodiyam cikin jini. Kulorayid ya biyo, ruwa ya biyo.

A shekarun 1960 likitoci a biranen Daka da Kalkata suka tabbatar cewa dafin kwalara ba ya taɓa wannan ɗan fito. Ko gudawa ta kai inda ta kai, yana nan yana jiran lodi. Ashe ke nan in aka ba majiyyaci gishiri da sukari tare a cikin ruwa, hanji zai ci gaba da tsotsewa ta wannan hanya yayin da yake zubarwa ta waccan. In abin da yake shiga ya kai wanda yake fita, mutum zai rayu har jikinsa ya kori cutar cikin 'yan kwanaki.

An ga gaskiyar haka a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash. Kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari na asibiti kuma ya ƙare. A garin Bangaon, Dokta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan duro, dangin majiyyata suna ɗura musu da kofi. Yawan masu mutuwa ya sauko daga kimanin 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Daga 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga yaɗa wannan magani a ƙasashe. A Nijeriya an yi gangaminsa sosai a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A 1980 gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a duniya kowace shekara. Yanzu adadin ya sauko ƙasa da rabin miliyan, kuma wannan magani yana daga cikin manyan dalilai.

Sukarin rake da ake saya a kasuwa yana yin aikin, domin hanji yana raba shi ya fitar da gulukos. Haka kuma kunu marar kauri ko ruwan dafaffiyar shinkafa mai ɗan gishiri suna taimakawa.

Abin da Ya Sa Ba a Wasa da Awo

Wanda ya fahimci bayanin da ya gabata zai gane amsar da kansa. Ruwa zalla yana kashe ƙishi, amma ba ya mayar da gishirin da ya zube. Gishiri ba sukari, ɗan fito ba zai tashi ba. Idan sukari ya yi yawa, 'yan fito za su cika, ragowar ya tsaya a hanji ya shiga janyo ruwa daga jini, gudawar ta ƙaru. Saboda haka lemon kwalba da shayi mai zaƙi da yawa ba su dace da mai gudawa ba. Idan kuwa gishiri ne ya yi yawa, zai taru a jini ya zuƙe ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yaro ya kama jijjiga, har ya iya rasa ransa. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da sabon haɗi mai ƙarancin gishiri da sukari, domin an ga ya fi saurin shiga jiki. Fakitin lita ɗaya na yanzu yana ɗauke da gishiri giram 2.6, da gulukos giram 13.5, da gishirin fotasiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9.

Ya kamata kuma a sani cewa wannan ruwa ba ya tsayar da gudawa nan take. Aikinsa shi ne mayar da abin da ya zube. Kada ganin gudawa ta ci gaba ya sa a ce bai yi amfani ba a daina bayarwa.

Abubuwan da Ya Wajaba a Kiyaye

1. A fara ba da ruwan tun daga gudawar farko, kada a jira mutum ya galabaita.

2. Fakitin O.R.S. ya fi haɗin gida, domin yana da fotasiyam. A duba jikinsa ko na lita ɗaya ne ko na rabin lita, a juye shi duka cikin daidai wannan ruwa, tafasasshe wanda ya huce. Ledar ruwan sha mai rubutun 50cl guda biyu lita ɗaya ce.

3. In babu fakiti, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin a shafe, cikin ruwa lita ɗaya. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye.

4. Bayan kowace gudawa, a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2 rubu'i zuwa rabin kofi, ɗan shekara 2 zuwa 10 rabin kofi zuwa kofi ɗaya, babba kuwa ya sha iya abin da zai iya. A ba jariri da cokali kaɗan kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10, a ci gaba a hankali.

5. Abin da ya kwana ya wuni, watau ya kai awa 24, a zubar a haɗa sabo.

6. Kada a daina ba da nono, kada a hana abinci.

7. A ba yaro ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20, ko 10 ga ɗan ƙasa da wata shida. Tana rage tsawon gudawa. Kada a ba yara magungunan tsayar da gudawa.

8. A garzaya asibiti, ana tafe ana ba da ruwan, idan gudawa ta yi kama da ruwan shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko majiyyaci ya kasa sha, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko hankalinsa ya soma gushewa. Irin wannan yana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya.

9. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, musamman bayan ambaliya. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga masai da kafin a taɓa abinci. A haƙa masai nesa da rijiya da bakin kogi.

10. A kai jarirai rigakafi. Tun 2022 an sa ɗigon rigakafin ƙwayar rota, mai jawo wa jarirai gudawa mai tsanani, cikin jerin rigakafin yara na ƙasa.

11. In aka ga mutane da yawa suna amai da gudawa a lokaci guda, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

Ana roƙon malaman makaranta, da hakimai da dagatai, da shugabannin addini, da ungozomai, da sarakunan ruwa na garuruwan bakin kogi, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, su kuma gwada musu awon a aikace da cokali da kofi. Kowane gida ya tanadi fakiti biyu ko uku da ƙwayar zink tun kafin ruwa ya cika, domin a lokacin ambaliya hanyar asibiti takan yanke. Rigakafi ya fi magani, amma in cutar ta riga ta shigo, uwar da ta san awo kuma ta fara bayarwa da wuri ita ce likitan farko na ɗanta.